Bikin Wacken Bayan Mutuwar Ozzy Osbourne: Wa Zai Ciri Tuta A 2025?

Daga ranar Laraba 30 ga Yuli zuwa Asabar 2 ga Agusta, 2025, ƙauyen Wacken da ke jihar Schleswig-Holstein a arewacin Jamus zai sake tumbatsa da baƙi. Mazauna ƙauyen kimanin 2,000 ne, mafi yawan filayensa kuma makiyayar shanu ce, amma sau ɗaya a shekara yakan karɓi mutum 85,000 masu tikiti daga sassan duniya, waɗanda ke zuwa sauraron kiɗan nan mai rugugi da ake kira metal. Ƙungiyoyin makaɗa sama da 150 ne za su hau dandamali daban-daban cikin kwana huɗu.

Bikin na 2025 ya zo a wani yanayi na jimami. Ranar 22 ga Yuli, kwana takwas kafin buɗe ƙofa, Ozzy Osbourne ya mutu yana da shekara 76. Shi ne mawaƙin ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham a Ingila, wadda ake jingina wa asalin wannan kiɗa. Saboda haka muhawarar da masoya kan tafka kowace shekara, ta wace ƙungiya ce za ta fi burge jama'a, ta ƙara nauyi a wannan karon. Dattawan da suka kafa wannan sana'a suna ta sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma dandamalin Wacken na cikin wuraren da ake gane wanda zai gaje su.

Asalin rugugin

Kalmar metal a Turanci tana nufin ƙarfe, kuma sunan ya dace da mafarin abin. Tony Iommi, makaɗin jitar Black Sabbath, ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne a Birmingham lokacin da inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama yana ɗan shekara 17. Don ya ci gaba da kiɗa sai ya ƙera wa yatsun murafe, ya koma amfani da tsirkiya marar kauri, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinta. Sautin da ya fito mai kauri ne, mai nauyi, kamar ƙugin hadari daga nesa. Faifan ƙungiyar na farko ya fito ranar 13 ga Fabrairu, 1970, kuma masana da yawa daga nan suke fara lissafin tarihin metal.

Wacken kuwa ya fara ne a 1990, lokacin da wasu samarin yankin biyu, Thomas Jensen da Holger Hübner, suka shirya wasa a wani rami da ke gefen ƙauyen. Mutum kimanin 800 ne suka halarta. A yau tikitin ya haura Yuro 300, kuma tun 2019 kamfanin shirya bukukuwa na Superstruct ya shiga harkar, shi ma a 2024 kamfanin zuba jari na Amurka KKR ya saye shi. Duk da haka akwai al'adun da ba su canza ba. Har yanzu ƙungiyar masu busa ƙaho ta 'yan kwana-kwanan ƙauyen tana wasa a farkon bikin, dubban matasa sanye da baƙaƙen riguna suna yi mata tafi da shewa.

Mai karatu na iya tambaya ko wannan kiɗa ba shi ne wanda ake dangantawa da shaiɗanci ba. Gaskiya ne akwai reshensa da ya ginu a kan adawa da addini, musamman wanda ya taso a Norway, inda a farkon shekarun 1990 wasu daga cikin makaɗansa suka ƙona coci-coci aka ɗaure su. Amma rumfar tana da faɗi. Akwai masu waƙa a kan tarihin yaƙe-yaƙe, akwai masu kukan lalacewar dazuzzuka, akwai masu magana a kan ciwon damuwa. A 2022 'yan mata uku masu hijabi daga yankin Garut na Indonesiya, waɗanda suka haɗu a makarantar Islamiyya suka kafa ƙungiyar Voice of Baceprot, sun yi wasa a wannan fili na Wacken.

Gibin da ke buɗewa a sama

Ranar 5 ga Yuli, a filin ƙwallon Villa Park da ke Birmingham, mutum huɗun da suka kafa Black Sabbath suka hau dandamali tare, karo na farko cikin shekara 20, don yin bankwana. Ozzy ya rera waƙoƙinsa a zaune kan wata karaga saboda cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa. Kwana 17 bayan haka ya cika.

Ba shi kaɗai ba ne. Lemmy Kilmister na ƙungiyar Motörhead ya mutu a Disambar 2015, kuma a 2023 aka ajiye wani ɓangare na tokar gawarsa a Wacken. Ƙungiyar Kiss ta yi wasanta na bankwana a Disambar 2023. Aerosmith ta sanar da daina yawon wasa a Agustan 2024 saboda maƙogwaron mawaƙinta ya ƙi warkewa. Makaɗin gangar Iron Maiden, Nicko McBrain, ya ajiye tafiye-tafiye a ƙarshen 2024. Rob Halford na Judas Priest ya haura 70, ƙungiyar Scorpions ta Jamus kuwa a 2025 ta cika shekara 60 da kafuwa.

Ga masu shirya biki wannan lissafin kasuwa ne. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a saman takardar talla shi ke sayar da tikiti, kuma kusan shekara 40 ke nan sunaye ƙalilan ne ke juyawa a wannan gurbi. Idan ba a samu sababbin da za su iya tara mutum 85,000 su riƙe su awa biyu ba, bukukuwan za su koma cin tsohon suna har ya ƙare.

Ma'aunin hasashe

Kafin a ambaci sunaye, yana da kyau a san abin da ke sa wasa ya yi armashi a Wacken, domin ba girman suna kaɗai ke yanke hukunci ba.

Na farko shi ne lokaci. A ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa a arewacin Jamus sai bayan ƙarfe tara na dare. Ƙungiyar da ta dogara da wasan wuta da fitilu, idan aka ba ta ƙarfe biyar na yamma, rabin kwalliyarta ta tafi a banza. Manyan dandamali biyu, masu suna Faster da Harder, suna jere kafaɗa da kafaɗa, a tsakaninsu an kafa wani ƙaton ƙoƙon kan sa da ake kunna wa wuta da dare. Yayin da ake wasa a ɗaya ana shirya ɗaya, don haka da wannan ƙungiya ta sauka waccan ke hawa, jama'a kuma na auna su nan take.

Na biyu shi ne ruwan sama. Filin gona ne, idan aka yi ruwa mai yawa yakan zama taɓo har gwiwa. A 2023 abin ya kai ga masu shirya bikin sun dakatar da shigowar motoci, kuma kimanin mutum 61,000 ne kawai suka samu shiga cikin 85,000 da suka sayi tikiti. Jama'ar da ta kwana uku a cikin laka ba ta da haƙurin dogon surutu ko waƙa mai sanyi.

Na uku shi ne lafiyar mawaƙi a wannan rana. A 2013 Motörhead ta katse wasanta a nan bayan kimanin rabin awa saboda jikin Lemmy ya gaza a cikin zafi. Na huɗu kuma tazarar da ke tsakanin abin da aka sa rai da abin da aka gani. Wanda aka jira shekara 30 ba a yi masa uzuri, amma baƙon da ba a san shi ba ɗan abin da ya yi sai ya zama labari.

Guns N' Roses: babban suna, babban haɗari

Ranar Alhamis 31 ga Yuli ƙungiyar Guns N' Roses ta birnin Los Angeles za ta hau dandamalin Wacken karo na farko a tarihinta. Ita ce mafi shahara a jerin 2025. An kafa ta a 1985, faifanta na 1987 mai suna Appetite for Destruction kuma yana cikin waɗanda aka fi saye a tarihin kiɗan rok. Tun 2016 da makaɗin jita Slash da Duff McKagan suka dawo wajen mawaƙi Axl Rose bayan doguwar gaba, ƙungiyar ta zama mai kiyaye lokaci, saɓanin yadda a da Axl kan bar jama'a suna jira sa'o'i.

Abin da ke gefenta a fili yake. Kusan kowa a filin ya haddace waƙoƙinta, kuma hannun Slash bai tsufa ba. Tana cikin waɗanda suka yi wasa a bankwanan Villa Park inda ta rera waƙoƙin Black Sabbath, don haka ana sa ran za ta karrama Ozzy, wanda shi kansa ya taɓa rufe dare a Wacken a 2011.

Damuwar tana wajen murya. A 2025 Axl yana da shekara 63, waƙoƙin kuma an tsara su ne don maƙogwaron saurayi mai iya ƙwala ihu a sama. Bayan wasansu na bikin Glastonbury a 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a jaridun Birtaniya a kan yadda muryarsa ta fita a talabijin. Ga shi Wacken ne zangon ƙarshe na Turai a rangadin da suka faro tun farkon Mayu a Koriya ta Kudu, suka ratsa ta Indiya da birnin Riyadh na Saudiyya kafin Turai, da sabon makaɗin ganga Isaac Carpenter wanda ya shigo a Maris. Sun kuma saba yin wasan awa uku. A filin wasa na kujeru wannan kyauta ce, amma ga mutanen da ke tsaye tun hantsi yana iya zama jarrabawa. Hasashenmu shi ne za su tara jama'a fiye da kowa, ra'ayoyi kuma su rabu biyu washegari.

Gojira: wadda lokaci ya yi wa daidai

Idan za a zaɓi ƙungiya ɗaya da ta fi kowa damar cirar tuta, Gojira ce ta Faransa. 'Yan'uwa biyu, Joe da Mario Duplantier, suka kafa ta a 1996 a garin Ondres kusa da Bayonne, tare da Christian Andreu, sannan Jean-Michel Labadie ya shigo a 1998. Tun daga lokacin mutum huɗun nan ba su canza ba, abin da ba kasafai ake gani a wannan sana'a ba, kuma ana jin hakan a yadda kiɗansu ke tafiya kamar inji guda. Mario na cikin makaɗan gangar da ake girmamawa a duniya a yau.

Shekarar 2024 ta sauya matsayinsu. Ranar 26 ga Yuli, 2024, a bikin buɗe gasar Olamfik ta Paris, aka ga su a maƙale a tagogin ginin Conciergerie, inda aka tsare Sarauniya Marie Antoinette kafin a fille mata kai, suna kaɗa wata tsohuwar waƙar juyin juya halin Faransa tare da mawaƙiyar opera Marina Viotti. Su ne ƙungiyar metal ta farko da ta yi wasa a bikin buɗe Olamfik. A Fabrairun 2025 wannan wasa ya ba su kyautar Grammy, a Yuli kuma suka maimaita shi a gaban taron Villa Park.

Waƙoƙinsu sun fi karkata ga muhalli da rayuwar ɗan Adam. Lokacin fitar faifansu Fortitude a 2021 sun yi gangamin tara kuɗi don 'yan asalin dajin Amazon na Brazil. Rauninsu ɗaya shi ne tun wancan faifan har zuwa 2025 ba su fitar da wani cikakke ba, don haka wanda ya gan su a shekarun nan ya san yawancin abin da za su kaɗa. Sai dai a biki irin wannan sanannen abu ba aibu ba ne. Suna tsakiyar ƙarfinsu, suna da abin da za su tabbatar, kuma su ne amsar da aka fi ambata idan an tambayi wa zai gaji dattawa.

Masu bi mata a ƙafa

Machine Head ta birnin Oakland a Amurka, ƙarƙashin Robb Flynn, ita ce za ta fi matsa wa Gojira. An kafa ta a 1991, ta fitar da sabon faifai a Afrilun 2025. Ta yi shekaru tana ƙaurace wa bukukuwa, tana gwammace wasanta na ita kaɗai, kuma tun da ta dawo take wasa kamar mai biyan bashi. Flynn gwani ne wajen sarrafa taro. Yakan sa dubban mutane su buɗe fili su riƙa gudu a da'ira, al'adar da masoya metal ke ɗauka a matsayin shaidar cewa wasa ya yi. Idan ƙasa ta bushe, ƙurar da za ta tashi a lokacinsu za ta fi ta kowa.

Saltatio Mortis ta Jamus tana da ribar gida. A 2025 ta cika shekara 25, waƙoƙinta galibi da Jamusanci ne, tana kuma haɗa jitar lantarki da wata irin algaita mai jakar iska ta zamanin da. A wajen ƙasashen da ke jin Jamusanci ba a san ta sosai ba, amma mafi yawan waɗanda ke filin Jamusawa ne, kuma babu abin da ya kai mutum dubu hamsin na amshi da harshen uwarsu motsa rai. Baƙo zai iya fita daga Wacken yana mamakin yadda ƙungiyar da bai taɓa ji ba ta fi wasu taurarin Amurka samun amshi.

Papa Roach ta California a 2025 ta yi murnar cika shekara 25 da faifanta Infest na 2000. Salonta ya haɗa metal da rap, irin wanda tsofaffin masoya Wacken suka daɗe suna yi wa kallon raini. Amma a 2024 ƙungiyar Korn, uwar wannan salo, ta rufe dare a nan, yaran da suka taso da waɗannan waƙoƙi kuma yanzu magidanta ne masu kuɗin tikiti. Mawaƙinta Jacoby Shaddix yana magana a fili a kan ciwon damuwa da shaye-shayen da ya yi fama da su, kuma wannan kan taɓa jama'a.

Dimmu Borgir ta Norway tana da tarihi a wannan fili, domin a 2012 ta yi wasa tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗan gargajiyar Turai da 'yan amshi. Wasanta na duhu ne da hayaƙi da fentin fuska, kuma tana cikin reshen nan mai adawa da addini. Ta rasa daɗaɗɗen makaɗin jitarta Galder a 2024, don haka idon masoya na kan sababbin hannaye. Within Temptation ta Holan, da muryar Sharon den Adel, ba ta cika ba da kunya ba, kuma a shekarun nan ta rungumi batun yaƙin Ukraine har ta je birnin Kyiv ɗaukar bidiyo. Apocalyptica ta Finland kuwa da manyan gogen Turawa da ake jingine su a ƙasa take kaɗa waƙoƙin Metallica, abin da ta fara tun 1993. Dukansu za su gamsar, amma da wuya su ba da mamaki.

Inda mamaki ke fitowa

Tarihin Wacken ya nuna cewa labarin da kan daɗe a bakin mutane yakan fito ne daga ƙananan dandamali. A 2018 wasu samari uku daga New Zealand, Alien Weaponry, waɗanda ko shekara 20 ba su kai ba, suka rera metal da harshen Maori, daga nan ƙofofin Turai suka buɗe musu. A 2019 Bloodywood ta birnin New Delhi ta zo da gangar Indiya da sarewa, yanzu tana cika zaurukan wasa da sunanta.

A 2025 wadda ta fi kama da waɗannan ita ce Hanabie ta Japan, 'yan mata huɗu da suka faro a Tokyo a 2015. Suna sanya tufafi masu launuka kamar na 'yan tsana, amma idan mawaƙiyarsu ta buɗe baki sai a ji gurnani irin na zaki. Wannan saɓani tsakanin abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji shi ne irin abin da ke yaɗuwa a YouTube da TikTok cikin sa'o'i. Sai kuma Wind Rose ta birnin Pisa a Italiya, masu shigar mayaƙan tatsuniya, waɗanda waƙarsu ta haƙar rami ta shahara a intanet tun 2019. Idan aka yi ruwa fili ya zama taɓo, babu wanda yanayin zai yi wa daɗi kamar su.

Akwai kuma gasar Metal Battle da ake yi tun 2004, inda ƙananan ƙungiyoyin da suka yi nasara a ƙasashensu ke samun 'yan mintoci a gaban alƙalai. A nan ne Afirka ke da ƙafa a bikin. A 2016 ƙungiyar Zombies Ate My Girlfriend ta Afirka ta Kudu ce ta lashe gasar. A Botswana ma akwai daɗaɗɗen gungun masoya metal masu shigar baƙar fata irin ta makiyayan Amurka, kuma ƙungiyar Overthrust ta garin Ghanzi ta kai ga taka wannan fili. A Afirka ta Yamma sunan da ake ji shi ne Arka'n Asrafokor ta Togo, mai haɗa metal da gangunan gargajiya da harshen Ewe. Japan ta lashe gasar sau biyu a jere, a 2022 da 2023, alamar cewa sabon jini ya daina fitowa daga Birtaniya da Amurka kaɗai.

Hukunci

Idan aka ɗora komai a ma'auni, Gojira ce a gaba, Machine Head na biye da ita, Saltatio Mortis kuma za ta fi kowa samun amshi. Hanabie ce ta fi damar fita daga ƙauyen da suna fiye da wanda ta shigo da shi. Guns N' Roses za ta iya rushe wannan lissafi gaba ɗaya idan maƙogwaron Axl Rose ya ba shi haɗin kai a daren Alhamis, domin babu wata ƙungiya a jerin da ke da tarin waƙoƙi irin nata.

Ga mai bibiya daga Abuja, agogon Jamus a wannan lokaci yana gaban na Najeriya da awa ɗaya, manyan wasanni kuma kan fara ne bayan faɗuwar rana a can. Akwai abu guda da ya kamata a saurara a daren Asabar. Bisa al'ada, kafin a rufe biki masu shirya shi kan haska sunayen farko na waɗanda za su zo baɗi a manyan allunan dandamali, sannan a buɗe sayar da tikiti. Yawan 'yan shekara 70 da yawan 'yan shekara 40 da za a gani a saman wannan jeri zai nuna ko Wacken ta fara yarda da magada, ko kuwa za ta ci gaba da jingina da dattawa har sai ƙarfinsu ya ƙare.